Ranar da Muntaka Ya Ɗauki Muryar Inna Hure

A Gidan Ɗanliti, wani ƙauye da ke gefen hanyar Bagwai, ba a fara taro sai Muntaka ya ce a fara. Ɗaurin aure ne, Maulidi ne, ko 'yan siyasa ne suka zo da buhun alkawari, sai ka ga dattawa zaune a tabarma suna jiran wani siririn mutum mai ɗan tozo ya gama shawara da makirufo. Ba ya ƙwanƙwasa shi da yatsa, ba ya hura masa iska. Yakan nisanta shi da bakinsa kamar faɗin tafin hannu, ya lumshe ido, ya ce, "Tsattsafi, tsattsafi. Faifai, faifai." Ta farko tana gaya masa ko sautin ya yi kaifin da zai soki kunne, ta biyu tana gaya masa ko iskar baki tana dukan makirufon. Tun yara suna kwaikwayonsa har sunan ya bi shi. Yau ko takarda aka aiko daga ƙaramar hukuma, Muntaka Faifai ake nema.

A Bici ya koyi aikin, a shagon wani mai gyaran rediyo, tun zamanin da ake mayar da zaren kaset da biro. Da kaset ya mutu, abokan koyonsa suka watse, wasu suka koma acaɓa, wasu cajin waya. Shi ya dawo gida da amfilifaya tsohuwa, da lasifika biyu, daga baya ya ƙara da wata 'yar rikoda da ba ta fi tsawon hannu ba, wadda ya sayo a Sabon Gari. Da ita yake ɗaukar tafsirin azumi da karatun malamai, yana zuba wa mutane a memori. Mutanen Zakirai ma sun san aikinsa. Cewa suke in ka saurari ɗaukar Faifai, kamar malamin yana zaune a kan tabarmarka. Babu kukan jaki a ciki, babu gurnanin janareto. In akuya ta yi kuka a tsakiyar addu'ar liman, Muntaka ba ya jin kunyar ya jira a shafa, ya ce, "Allah gafarta Malam, a maimaita."

Mutane suna kiran wannan tsantseni. Matarsa Aina'u, wadda ta fi kowa saninsa, tana da wani suna da take kiransa da shi, amma a cikinta take barinsa.

Shi ne ɗan farin Inna Hure, kuma Inna Hure mutuniyar da ce. Kunyar ɗan fari ta riƙe ta yadda ta gada. Ba ta taɓa kiran sunansa ba. Yana ƙarami, in ya faɗi ya fasa baki, kai take kawarwa har wata ta zo ta ɗauke shi. Da ya girma sai ya zama "wannan", ko "mai rediyon nan", in ta yi nisa da fara'a ta ce "mijin Aina'u". Ya san al'ada ce. Ya sha faɗa wa kansa al'ada ce. Amma mutum ne da kunne ne jarinsa, yana gane muryar kowa a garin ta bayan katanga, kuma ya san yadda muryar uwarsa take saukowa ta yi laushi in za ta ce "Basiru".

Basiru shi ne auta. Shi aka goya har ƙafarsa tana jan ƙasa. Shi ne kuma, wata shekara da ya matsu ya tafi neman arziki, ya kira masu gawayi suka sare ɗorawar da ke tsakiyar gonar Inna, wadda marigayi mahaifinsu ya raina tun tana tsiro. A ƙasar da gona take manne da gona, bishiya ɗaya ta fi wani ɗan amfani. Daga ɗorawar nan Inna take daddawarta. Muntaka ne ya fara ganin kututturen, shi ne kuma ya kai labari gida, bai tsaya ko wanke ƙafa ba. A ƙofar gida, a gaban jama'a, Inna Hure ta dafa ƙirjinta ta ce wa Basiru, "Ban yafe nonon da ka sha ba." Washegari babu shi a garin.

Shekaru suka shuɗe. Labarinsa ta bakin Alhaji Madu kawai yake zuwa, wani Babarbare da kakanninsa suka zauna a Bici, wanda yake kai garin kwaki da barkono da man gyaɗa can arewacin Agadas, wurin masu haƙar zinare. Can babu layin waya sai mutum ya sauko gari. A daminar da ciwon Inna ya kwantar da ita, Alhaji Madu ya zo dubiya, ya zauna a bakin ƙofa, ya faɗi abin da ya gani ba tare da ya shafa masa mai ba.

"Inna, yaron nan ya rame. Duk ramin da ya sa hannu, ko ya rufta ko a tarar da ƙasa zalla. Kuma labari ya kai can. Wani ɗan garin nan ne ya yi sakin baki. Yanzu ba mai yarda ya shiga rami da shi, sun ce ba sa shiga ƙarƙashin ƙasa da wanda uwa ta yi wa baki. Shi kaɗai yake sauka, shi yake ja wa kansa igiya."

Alhaji ya gyara zama ya ci gaba.

"Na ce masa ya zo gida ya durƙusa. Ya ce ba ya taka garin nan da maganar nan a kansa. Na ce to in na kawo maka saƙo fa? Ya ce shi ba ya karɓar saƙon baki, kowa na iya yi masa ƙaryar tausayi. Sai ya ji da kunnensa."

Bayan ya fita ta daɗe tana kallon rufin kwano. Sannan ta ce wa Aina'u, ba tare da ta dubi ɗanta da ke tsaye a wurin ba, "Ki ce wa mai rediyon nan ya kawo abin nasa. Ina da magana da Basiru."

Ba ta faɗi wace magana ba ce. Alhaji Madu kuwa ya ce motarsa za ta tashi bayan Juma'a mai zuwa.

Muntaka ya zo da kayan aiki tun da hantsi, kamar wanda za a naɗa sarki. Ya tsaya tsakiyar ɗakin ya tafa sau ɗaya, ya karkata kai.

"Ɗakin nan yana amsa-kuwwa. Kamar cikin randa."

Ya sa aka rataye barguna a bango, aka shimfiɗa buhuna a daɓe. Ya sa wa makirufo 'yar hular soso, ya saƙala abin ji a kunne, ya yi tsattsafinsa da faifansa. Kafin ya gama, injin niƙan gidan Usaini ya tashi. Ya cire abin kunne ya naɗe waya.

"Ba zai yiwu yau ba. Injin nan har cikin ƙasa yake bi."

Washegari injin bai tashi ba, sai hadari ya haɗo. Ruwa a kan kwano, ko mai wa'azi ba ya jin kansa. Wannan kam ba laifin kowa ba ne, kuma Aina'u ta lura mijinta ya ci tuwo sosai ranar. Rana ta gaba ya ce batir ya yi sanyi, in batir ya yi sanyi akwai wani siririn zuu da yake shiga ƙarƙashin murya. Ta bayanta kuma kaza ce ta yi ƙwai a bayan ɗaki take shela.

Inna tana kwance tana kallon duk wannan. Kullum muryarta tana ƙara shigewa ciki. Da farko daga tsakar gida ana jin ta in ta nemi ruwa, yanzu sai an sunkuya.

Aina'u ta tare shi a zaure, hannunta duk ƙullun koko.

"Baban Jamil, wai Sarkin Makka za a aika wa maganar nan?"

"Me kike nufi?"

"Nufina ga wayata nan, ita ma tana ɗaukar magana. In danna mata, ta faɗi abin da za ta faɗa, a ba Alhaji. Ko da kukan kaza, ai Basiru ya san kaza."

"Wannan gwangwanin? A gidana? A ce muryar uwata aka ɗauka da abin da ba ya bambanta mutum da kwaɗo?"

"To kwaɗon da ya isa Agadas ai ya fi zakin da ke cikin jakarka."

"Ke ba ki san aikin nan ba."

"Ban san shi ba. Amma na san mutumin da ya ɗauki wa'azi a tsakiyar kasuwar Bagwai ranar Laraba, ya fito tas. Ranar babu kaji a duniya?"

Ya ɗaga labule ya fita. Da ta kai wa Inna maganar wayar, tsohuwar ta girgiza kai a kan matashi. "Bar shi. Sana'arsa ce. In aka yi da wani abu ba nasa ba, an ci masa fuska a gari." Iyakar abin da kunya ta bar ta ta yi masa ke nan, kuma ba ya nan balle ya ji.

In da za a tsare Muntaka a rantsar da shi, zai rantse cewa sauti mai tsabta yake nema, kuma ba zai yi kaffara ba, domin injin ya yi ƙara, ruwan ma ya sauka. Sai dai akwai lissafin da zuciya take yi ba ta sanar da mai ita ba. Shi ne ya zauna. Shi ya ɗauke ta a babur zuwa asibitin Bici, yana tuƙi da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da ita ta baya. Shi ya dasa wata ɗorawar a gurbin waccan, ya kewaye ta da ƙaya. Duk wannan an karɓa yadda ake karɓar ruwan rijiya. Yanzu kuma ɗan numfashin da ya rage mata, an ce ya zo da gwanintarsa ya tace shi, ya goge shi, a aika wa wanda ya sare bishiya.

Ranar Juma'a da safe Alhaji Madu ya aiko cewa gobe da asuba zai ɗaga. Gari ya yi shiru irin na bayan ruwa. Usaini ya tafi ta'aziyya, injinsa a rufe. Aina'u da kanta ta kama kajin ta kife su da kwando a bayan gida, ta kora awaki gona, sannan ta zo ta tsaya a gabansa ta riƙe ƙugu.

"Saura me? In tsuntsaye ne, faɗa mini in hau bishiya."

Babu saura. Ya ce kowa ya fita, domin numfashin mutum na uku ma yana shiga, haka yake yi a ko'ina. Aina'u ta ja ƙofa ta koma bakin murhu. Ɗakin ya rage daga shi sai uwarsa.

A gefen rikodar akwai wani ɗan maɓalli. In aka tura shi sama, rikodar takan yi barci duk lokacin da aka yi shiru, sai an ɗaga murya ta farka ta ci gaba da ɗauka. Yana amfani da shi wurin tafsiri, don kada jiran malam ya buɗe shafi ya cinye memori. Malamai da ƙarfi suke magana, ba abin da yake ɓacewa. In tana ɗauka, jar fitilarta takan tsaya cak. In ta yi barci, sai ta riƙa ƙyaftawa. Aikin da ya yi na ƙarshe karatun wani malami ne mai murya kamar ganga, maɓallin yana sama tun ranar. Mutumin da yake jin sanyin batir da kunnensa ya duba komai a safiyar nan, bai duba wannan ba.

Ya durƙusa a gefen gadon, ya kai makirufo kusa da bakinta.

"Bismillah, Inna."

Ta tattaro ƙarfinta. "Basiru," ta ce, da ƙarfi, kamar tana kiransa daga gona. Fitila ta tsaya cak. Tari ya sarƙe ta. Da ya lafa ta ci gaba, har yanzu da sauran ƙarfi, domin tsohon fushin ne yake ɗauke da muryar. "Ka sare ɗorawar ubanka. Na tsaya a ƙofar gida na ce ban yafe nonon da ka sha ba. Na faɗa, duniya ta ji."

Ta yi shiru. Da ta sake buɗe baki, fushin ya ƙare, ƙarfin ya tafi tare da shi. Abin da ya fito raɗa ce.

"Na janye, ɗan autana. Na yafe maka duniya da lahira. Tun kafin ka kai bakin titi na yafe, girman kai ne ya hana ni aikawa."

A cikin abin kunnensa Muntaka yana jin kowace kalma, har ɗan kaɗawar harshenta a busasshen baki. Idonsa kuma yana kan fitilar. Tana ƙyaftawa.

Babban yatsansa yana kan maɓallin. Turawa ɗaya ce ƙasa, sai ya ce, "Inna, a maimaita daga na janye." Ya faɗa wa limamai haka, ya faɗa wa ɗan majalisa.

"Basiru, Basiru na. Kai nake gani in na rufe ido. Ka bar ramin nan ka zo gida. Ko ba ka same ni ba, ka zo, yayanka yana nan, ba zai hana ka gona ba. Allah ya yi maka albarka. Allah ya sa ƙasa ta yi maka sanyi, ta buɗe maka abin da ke cikinta. Basiru."

Ya ƙirga sunan ba da niyya ba, har ya daina ƙirgawa. Bai taɓa jin sauti mai kyau irin wannan ba. Babu amsa-kuwwa, babu zuu, bargunan sun yi aikinsu. Yatsan bai motsa ba. A ransa yana cewa kada ya katse ta, numfashinta ba zai kai ta maimaita ba, bari ta gama tukuna. Ta gama. Ta rufe ido, ta ce wa bango, "Ya kama?"

"Ya kama," in ji shi.

Duk ɗaukar da ya taɓa yi, a wurin yake mayarwa ya saurara kafin ya naɗe waya. Wannan karon sai ya sa rikodar a aljihu ya wuce masallaci. Sai bayan an sauko, a shagonsa, ya rufe ƙofa ya kunna. Sunan yana nan, da tarin, da ɗorawar, da nonon da ba a yafe ba, tas kamar tana zaune a kan bencinsa. Daga "duniya ta ji" sai ƙarar hannunsa lokacin da yake kashewa.

Ya zauna har la'asar ta yi sanyi. Ya yanke cewa zai koma ya ce mata memori ne ya ba da matsala, a sake. Da gaske ya yanke, har ya tura maɓallin ƙasa, ya sa sabon batir. Yana shiga gida ya tarar da mata cike da tsakar gida. Bakin Inna ya karkace, harshe ya yi nauyi. Tana gani, tana ji, amma abin da ke fita daga bakinta ba magana ba ce. Da ya sunkuya a kanta ta kafe shi da ido, abin da ba ta taɓa yi ba tun yana yaro, ta ɗaga gira alamar tambaya. Ya gyaɗa mata kai. Ta saki ajiyar zuciya.

Alhaji Madu ya miƙo hannu da safe a bakin mota. Muntaka ya ce na'ura ta ci amanarsa, ba ta ɗauki komai ba, amma shi ya ji da kunnensa, ta yafe. Alhaji ya dube shi tun daga hula har takalmi.

"Na'urarka? Taka?"

"Ƙarfe ne, Alhaji."

"To. Zan faɗa masa. Amma na gaya maka abin da ya ce game da saƙon baki."

Aina'u ba ta yi masa gori ba. Ta daina dai kiransa Baban Jamil, ta koma "kai". Inna Hure ta rasu kafin a fara yankan gero, hankalinta kwance.

Bayan an yi sadakar arba'in, wata ranar kasuwa da rana tsaka, wayarsa ta yi ƙara da baƙuwar lamba mai tsawo. Ya shiga shago ya rufe ƙofa. Layin yana shuu, iska tana kaɗawa a can ɓangaren.

"Yaya, ni ne."

Suka yi wa juna gaisuwar rashi, kowa yana jin nauyin bakinsa. Sannan Basiru ya ce, "Alhaji ya ce wai ta yafe."

"Ta yafe. Wallahi ta yafe, duniya da lahira. Ta sa maka albarka. Ta ce ka bar ramin ka zo gida."

"Wa ya ji?"

"Ni."

"Kai da wa?"

"Ni kaɗai ne a ɗakin."

Iska ta yi ta kaɗawa. "Yaya, kai ne fa. A ce Inna ta yi magana irin wannan a gabanka, da rikoda a hannunka, ta wuce ka? Ka faɗa mini gaskiya, ba zan mutu ba. Ai na saba."

"Na rantse maka da Allah."

"To ba ta kama komai ba? Ko kaɗan?"

Nan ne ya kamata ya ce ko kaɗan. Amma bai taɓa iya yi wa ɗauka ƙarya ba in an tambaye shi kai tsaye, sai ya ji bakinsa ya ce, "Ta kama ɗan farko."

"Kunna mini. Don girman Allah. Ko tarinta ne, muryarta kawai nake so in ji."

Muntaka ya ɗauko rikodar, ya kara ta a bakin wayar, ya nisanta kaɗan don kada sautin ya fashe. Ya danna. "Basiru," in ji Inna Hure, da ƙarfi, sai tari. Ya danna ya tsayar.

A can ɓangaren wani sauti ya fito daga ƙirjin ƙaninsa. Da ya samu kansa ya ce, "Ci gaba."

"Iyakarsa ke nan."

"A'a. Ta ja numfashi za ta yi magana. Kuma na ji ka danna."

"Sauran ba shi da kyau. Hayaniya ce."

"Kunna hayaniyar."

Muntaka ya dubi rikodar. In ya kunna, Basiru zai ji uwarsa ta sake tsine masa daga kabari, da murya tas. In ya ƙi, ya san abin da ƙin zai faɗa. Ya buɗe baki zai yi bayanin maɓalli da fitila, ya ga bayanin ba ya tsayawa a maɓalli, sai ya bi ta kan yatsansa da ya ƙi turawa.

"Yaya?"

Muntaka ya ajiye rikodar a kan benci.

"Shi ke nan," in ji Basiru, muryarsa ta koma daidai. "Na gane. Allah ya saka maka da ka so ɓoye mini. Gonar ka riƙe, ba zan zo ba. Gobe akwai motar da za ta koma daji."

Layin ya yanke. Muntaka ya bi lambar, wani mai shago ya ɗauka ya amsa da Hausar Agadas, ya ce mutumin ya biya kuɗin kira ya fita, bai ga inda ya nufa ba.